Koya wa yara faɗuwa a judo: inda muka kwana tun watan Oktoba

Alhamis, 3 ga Oktoba 2024

Toh Alhamdulillah yau dai Allah ya nufa mun fara. Yara 11 ne suka zo, ƙaraminsu shekara 6 babbansu 12, duk ƴan unguwarmu ne nan Dorayi in banda biyu da babansu ya kawo su a babur daga Kabuga. Ɗakin da muka samu na wata makarantar firamare ce, da sito ne ba a amfani da shi, mai makarantar ya bar mana Alhamis da Juma'a bayan la'asar tunda ranakun ne babu Islamiyya, sharaɗinsa kawai mu share mu kulle.

Ƙasan ɗakin siminti ne tsura, tatami kuwa wato katifar judo ta ainihi kuɗinta ba namu bane a yanzu. Wani yace mu jera katifun kwana, nace a'a, katifa tayi laushi da yawa ƙafar yaro nutsewa take yana juyawa sai targaɗe. Abin da mukayi shine muka je Ƴan Katako na Na'ibawa muka ciko buhuna da garin katako, muka tankaɗe shi tas saboda ƙusa da tsinke, kafinta ya kewaye rabin ɗakin da katako muka zuba muka tattake, soso siriri a kai sannan tamfol aka ja shi sosai aka kafe. Na faɗa a kai ni da kaina ta baya ta gefe ta gaba kafin in bar yaro ko ɗaya ya taka.

Na faɗa wa iyaye tun a bakin ƙofa cewa wata uku na farko babu wanda zai kayar da wani, faɗuwa kawai zamu koya, ukemi ake ce mata da Japananci. Yaran kuma na ɗan basu tarihi, cewa wani malami Jigoro Kano ne ya kafa judo a Tokyo a 1882, kuma shi ma a ɗan ɗaki ya fara cikin wani wurin ibadarsu mai tabarma 12 kacal. Ƙaraminsu ya ɗaga hannu yace Malam dama ɗan Kano ne? Nace a'a sunansa ne haka, Bajapane ne, amma naga abin ya musu daɗi sosai.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Faɗuwar baya muke, ushiro ukemi, kuma daga kwance muka fara ba daga tsaye ba. Yaro ya kwanta rigingine ya lanƙwasa gwiwa, ya ɗaga kai ya manna haɓa a ƙirji yana kallon cibiyarsa, sai ya daki ƙasa da hannu biyu lokaci ɗaya, tafi yana kallon ƙasa, hannun a miƙe tun daga yatsu har kafaɗa, ba a manne da jiki ba kuma ba a ware kamar fiffike ba, tsakiya dai, kusan digiri 45. Dukan nan shi yake raba nauyin faɗuwar ya bazu a hannu maimakon ya taru a ƙeya ko gadon baya, haɓar kuma ita ke hana ƙeya taɓa ƙasa.

Dukan ƙasa kam sun so shi, ɗakin har amsawa yake, haɓar ce matsala. Da nace "haɓa a ƙirji" sai suyi na daƙiƙa biyu su manta. Sai na sa kowa ya ɗora hularsa ko hankici a ƙarƙashin haɓa ya matse, wanda nasa ya faɗi ya sake. Wannan yayi aiki fiye da duk bayanin da nayi ta zubawa.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Kwana da kwanaki ba wuta a gari, ɗakin yayi zafi fanka ba ta juyawa, minti 40 kawai mukayi na sallame su. Daga zaune muka yi yau, a zauna a miƙe ƙafa a gangara baya da baya a lanƙwashe kamar ƙwarya, a daki ƙasa, ƙafa ta tashi sama. Nace musu yau faɗuwa ta zo daidai da zama kenan.

Amma akwai abin da na lura da shi wanda shine ya hana ni barci jiya. Yaran nan ba tsoron ciwo ne yake damunsu ba, kunya ce. Yaron da ya taso a Kano tun yana ƙarami a kokawa da langa abin da ya sani shine wanda ya sha kaye shi ake yi wa dariya, bayanka ya taɓa ƙasa shikenan an gama da kai, to jikinsa ya riga ya koyi cewa ko ta halin ƙaƙa kar ya kai ƙasa, sai ya sandare ya tokare da hannu ta baya. Kuma wannan tokarewar ita ce ke karya yara, nauyin jiki gaba ɗaya ya sauka a wuyan hannu ko gwiwar hannu a miƙe, ko ya wuce ya tsinke ƙashin nan da ke tsakanin wuya da kafaɗa. Manyan cikinsu ƴan shekara 11 da 12 sun fi yi, ƙananan kuwa jikinsu a sake yake kamar na kyanwa basu san wata kunya ba tukuna.

Don haka na kafa doka biyu. Ba a yi wa wanda ya faɗi dariya a ɗakin nan, wanda yayi zai zauna a gefe minti biyar. Na biyu ni zan riƙa fara faɗuwa kullum sau goma a gabansu kafin kowa, su ga Malam da gemunsa yana kaiwa ƙasa yana tashi ba abin da ya ragu a jikinsa.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Mahaifin ɗaya daga cikin manyan yaran yazo yau, dattijo ne mai jiki, ya tsaya a bakin ƙofa har muka gama bai ce komai ba. Bayan mun gaisa yace Malam ni fa wata guda kenan ina tambayar yaron nan me aka koya muku sai yace faɗuwa, mu a gidanmu kokawa muka gada kuma ba a taɓa koya wa ɗa yadda zai faɗi ba, yadda zai kayar ake koya masa. Nace Baba gaskiya ne, amma a judo duk wanda zai kayar sau ɗaya sai an kayar da shi sau ɗari a wajen koyo, domin da abokinka kake koyo kuma bi da bi ne, in bai iya faɗuwa ba ranar farko zai ji ciwo ya bar wasan, in kuma ya iya to ba ya tsoron shiga jikin abokin karawa saboda ya san ko an juya shi lafiya zai tashi. Yayi shiru, can sai ya naɗe hannun rigarsa na dama ya nuna min gwiwar hannunsa, ba ta miƙewa duka. Yace yana saurayi aka ɗaga shi a wani wasa bayan girbi, ya ƙi yarda bayansa ya taɓa ƙasa ya dafa, har sau biyu mai ɗori yana gyarawa amma haka ta zauna. Bai ce ya yarda da maganata ba, amma yace yaron ya cigaba da zuwa.

Ya kuma tambayi zancen sunkuyawar gaisuwa da ya gani a bidiyo, wadda ake yi kafin wasa da bayansa. Nace mu a nan tsayuwa muke mu nutsu muyi sallama muyi musabaha, ranar da aka kai ga fita gasa inda dokar wasa ta tanadi gaisuwar zan tara iyaye a tattauna, wanda yake so ya tambayi malaminsa ya tambaya.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Faɗuwar baya daga tsugunno. Yawancinsu sun kama. An kawo yara mata uku ƴan shekara 7 zuwa 9, ƙanwata ce ke tsayawa da su a ɓangare ɗaya na tamfol ɗin, dogon wando da riga mai kauri da ƙaramin hijabi wanda ba allura a jiki, ɗankunne da awarwaro duk a cire. Farcen kowa na duba na yanke wa huɗu.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Yau ranar ba daɗi, kuma laifina ne ba na kowa ba. Naga ajin yana tafiya da kyau sai nace kowa ya gwada faɗuwar baya daga tsaye, gaba ɗayansu a layi, alhali na san akwai yaro ɗan shekara 8 da ko a tsugunno kansa yana ɗan sakewa. Maimakon ya fara sauke mazaunai kusa da dunduniyarsa sannan ya gangara, sai ya tafi a miƙe kamar an sare itace, haɓa a sama, ƙeyarsa ta bugu. Garin katakon ya taimaka amma naji ƙarar. Yayi kuka ya tashi yace ba komai zai cigaba, nace a'a ka gama na yau. Na zaunar da shi ina masa tambayoyi, sunansa, ajinsu, me yaci da rana, duk ya amsa daidai, bai yi amai ba, amma yace kansa na ciwo kuma yana ɗan jin jiri. Na sallami sauran na kira mahaifiyarsa muka hau adaidaita zuwa asibiti.

Likita ta duba shi tace a sa masa ido sosai kwana biyu, in yayi amai ko barci ya masa yawa har tashinsa yana wuya, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko ya rikice a magana, a dawo da shi cikin gaggawa ko tsakar dare ne, kuma ba wasa ba guje-guje sai alamun sun tafi gaba ɗaya. Na baiwa Hajiya haƙuri na faɗa mata yadda akayi ban ɓoye komai ba, cewa ni na yi gaggawar ɗaga shi zuwa matakin da bai kai ba. Tace Allah ya kiyaye gaba Malam, tsautsayi ne. Ni dai na san tsautsayin da za a iya kaucewa ne.

Abin da yasa bugun kai ba abin wasa bane a wajena, a Japan ɗin kanta inda aka haifi wasan, ɗalibai sama da 100 ne suka rasu a judon makarantu tsakanin 1983 da 2011, da yawansu sababbin shiga ne kuma bugun kai ne, jini ya taru a cikin ƙoƙon kai. Ƙasar da ke da tatami na gaske da malamai kenan, balle mu da ke kan garin katako.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Yaron ya warware Alhamdulillah, na je gidansu sau biyu, amma sai bayan sati biyu zai dawo kuma daga kwance zai sake farawa. Na raba ajin gida uku yanzu, ba da shekaru ba, da inda kowa ya kai: ƴan kwance da zaune, ƴan tsugunno, ƴan tsaye. Ba mai wucewa gaba sai yayi goma a jere kansa bai taɓa ba hannunsa bai tokare ba, ina durƙushe a gefensa tafina a ƙarƙashin ƙeyarsa, in naji nauyin kai a hannuna an koma ɗaya. Na sayi littafi mai layi ina rubuta na kowa.

Juma'a, 13 ga Disamba

Hunturu ya shigo da ƙarfinsa, hazo ko ina, tamfol sai mun goge shi da jiƙaƙƙen tsumma kafin mu fara in ba haka ba duk dukan ƙasa ɗaya ƙura ce ke tashi a fuskar yara, akwai mai asma guda ɗaya da nake sa wa ido. Ɗumama jiki na ƙara shi zuwa minti 15 saboda sanyi, har da motsa wuya a hankali. Masu faso a ƙafa nace a shafa musu basilin da daddare banda lokacin zuwa, don yana sa santsi a kan tamfol.

Faɗuwar gefe muka shiga, yoko ukemi, wadda a gaskiya ita aka fi yi in an fara kayarwa. Ka share ƙafar dama ta gaban ta hagu kamar kana ture wani abu, ka sauka a kan ƙafar hagu ka kwanta a gefen dama, hannun dama ya daki ƙasa, na hagu yana kan ciki wajen ƙullin ɗamara, kai a ɗage ido na kallon hannun da ya daka. Kuskuren da ya fi yawa shine sauka a kan gwiwar hannu kamar mai kishingiɗa, sai kuma haɗe gwiwoyi su bugi juna ko harɗe ƙafa. Dama tana musu sauƙi, hagu kuwa kamar ba jikinsu ba, don haka duk biyar na dama sai anyi bakwai na hagu.

Alhamis, 26 ga Disamba

Hutun makaranta, yara shida kawai, wasu sun tafi ƙauye. Naji labarin biyu daga cikinsu suna nuna wa ƙannensu faɗuwa a tsakar gida a kan siminti, na tura saƙon murya a zauren WhatsApp na iyaye nace dan Allah a hana, ba a yin wannan sai a kan shimfiɗarmu kuma sai da babba a tsaye.

Juma'a, 10 ga Janairu 2025

Faɗuwar gaba kala biyu ce. Ta farko mae ukemi, daga durƙuso muka yi, ka tafi gaba ka sauka a kan hannu tun daga tafi har gwiwar hannu lokaci ɗaya, tafukan na kusa da juna gwiwoyin hannu a ware, fuska a juye gefe saboda hanci da haƙori, ciki ba ya taɓa ƙasa. Wannan bata ɗau lokaci ba.

Ta biyun ce aiki, mirginawa ta gaba, zenpo kaiten. Da na nuna sai duk suka ce ai alkafura ce mun iya, kuma nan ne haɗarin, domin alkafurar da suke yi a yashi ta tsakiyar kai take bi, a kafa kai a ƙasa a wuntsila, nauyi duk a wuya. Tamu kai ba ya taɓa ƙasa sam. Ƙafar dama a gaba, hannun dama a lanƙwashe kamar ka rungumi tulu yatsu na kallon ciki, ka bi ta gefen ƙaramin yatsa zuwa gwiwar hannu zuwa kafaɗar dama, ka ratsa gadon baya a karkace ka fita ta ƙugun hagu, hannun hagu ya daki ƙasa. Sai da na samo tsohuwar tayar mota na gangara ta a gabansu nace hannunku da bayanku su zama haka, duk inda taya ta lotsa nan take tsayawa ta bugu. Na kuma ja layi da alli a bayan rigar kowa daga kafaɗa zuwa ƙugu, abokinsa ya tsaya ya duba ko ta kan layin ya bi. Wanda hannunsa ke lanƙwashewa ya faɗi a kan kafaɗa na mayar da shi durƙuso da gwiwa ɗaya, ƙasa kusa, ba inda zai faɗo daga nisa.

Alhamis, 30 ga Janairu

Wata uku da nace ya zama kusan huɗu kuma ban yi nadama ba. Wasu yaran sun gaji, biyu sun daina zuwa, ɗaya ya faɗa min ƙiri-ƙiri shi Teddy Riner, zakaran judo ɗan Faransa, ya gani a waya yana jefa mutane a gasar Olamfik ta Faris shi yasa yazo. Nace shi ma da faɗuwa ya fara kamar kowa. Don kar su gundura na mayar da rabin lokacin wasa, ina tafi suna zagaye in na kira baya ko dama ko hagu kowa ya faɗi ta nan, sannan biyu biyu ɗaya yayi rarrafe ya tsaya ɗayan ya zauna a bayansa ya zame ta baya ya daki ƙasa. Abin da nake nema shine faɗuwar tazo ba shiri, domin ranar da za a kayar da kai ba mai ce maka ga shi nan tafe.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Yau aka fara kayarwa, yara bakwai da suka cika goma a jere a duk faɗuwa huɗun. Daga durƙuso muka fara, mai faɗuwa yana kan gwiwa mai kayarwa a tsaye ya riƙe hannun riga da wuyan riga ya juya shi a hankali zuwa gefe. Darasin yau na mai kayarwa ne fiye da mai faɗuwa: ba ka sakin hannun rigar abokinka, kana riƙe da shi kana ɗan ɗaga shi sama har ya sauka, ƙafarka biyu a ƙasa ba ka faɗa masa a kai, amanarsa na hannunka. Wanda ya saki zai koma layin baya ko da kayen nasa yayi kyau. Rigunan judo guda huɗu kawai muke da su, wani tela ya ɗinka mana da yadi mai kauri da muka samo a Kantin Kwari ya ninka wuyan, bi da bi ake sawa.

O-soto-gari wato sharar ƙafa ta waje da ke jefa mutum ta baya, wurare da yawa da ita ake fara koya wa sababbi don tana da sauƙin ganewa, ni ba zan taɓa ta ba a wannan zangon domin ƙeya take nema kai tsaye. O-goshi zamu fara in an tashi tsaye, ta ƙugu, inda mai kayarwa ke riƙe da mutum tun daga sama har ƙasa.

Dattijon nan mai kokawa yazo ya kalli ɗansa, an juya yaron ya daki ƙasa da ƙara ya miƙe yana gyara riga, na waiga naga Baba yana gyaɗa kai.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Mun rufe yau sai bayan sallah in Allah ya kaimu, azumi saura kwanaki kuma ba zan sa yara tirenin da la'asar cikin zafin nan ba. A littafi yanzu yara 12 ne, bakwai sun shiga kayarwa daga durƙuso, uku na kan mirginawa har da mata biyu, biyu na tsugunno. Yaron da ya bugu a Nuwamba ya dawo tsaye da ƙafarsa, faɗuwar bayansa yanzu tana cikin masu kyau a ajin, amma ta hagu har yanzu hannunsa na leƙowa zai tokare in ya gaji, na ja layi a ƙarƙashin sunansa da jan biro don da shi zan fara in mun dawo.

Garin katakon ya kwanta a tsakiya inda aka fi faɗuwa, yayi tauri, kusurwar tamfol ta wajen taga kuma ta fara yagewa. Cikin azumi da safe zamu kwance shi ni da kafinta, a barbaza a ƙara buhu uku ko huɗu, a kai tamfol ɗin wajen masu ɗinki.